Yadda ake haɗa ɗakin kwana a bayan Hilux, da ma'ajiyar kaya da abin tare sanyi da hita

Abin da ya jefa ni cikin wannan aikin wani dare ne a Nguroje, can saman Mambilla, cikin watan Disamba. Sana'ata maganin dabbobi ce, ina bin kasuwannin shanu da rugage, kuma duk wanda ya san hanyar nan, daga Jalingo ka bi Bali ka wuce Serti ka fara hawan dutse daga Mayo Selbe, ya san ba tafiyar je-ka-dawo ba ce. Daren nan a kujerar mota na kwana, na ƙudundune da bargo biyu amma wallahi ƙafafuna kamar na tsoma su a randa, gari na wayewa na ce in Allah ya yarda ba zan ƙara ba. Kafin shekara ta zagayo na haɗa ɗaki a bayan Hilux ɗina, irin wanda ake ɗorawa kuma a sauke in an ga dama, to tunda duk gidan man da na tsaya sai an zagaye ni da tambaya, bari in faɗi yadda ake yi tun daga tushe.

Kar ka sayi ko ƙusa ɗaya sai ka kai motarka sikeli. Wannan shi ne matakin farko kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa. A jikin ƙofar direba ko cikin bonet akwai ɗan faranti da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai ita da lodinta gaba ɗaya. Ka rubuta lambar, sannan ka cika tanki ka je wajen da ake auna tirela, kamfanonin shinkafa da masu sayen ƙarafa galibi suna da irin sikelin, a auna ma motar wayam. Abin da ya rage in ka cire wannan daga wancan shi ne lodin da aka yarda ma, a Hilux yawanci yana zagaye da tan ɗaya ko ƙasa kaɗan. To amma fa a cikinsa za ka cire nauyinka da na yaron motarka, da ruwa wanda kowace lita kilo ɗaya ce, jarka biyu masu lita 25 kaga kilo 50 ya tafi, da safayar taya ta biyu, da jak, da kayan abinci, da kayan sana'arka wanda dama don su ka fito. Shi ya sa na kafa wa kaina doka cewa ɗakin, ba komai a ciki, kar ya wuce kilo 300. Na sayi sikelin rataya irin na 'yan hatsi, duk abin da zai shiga ginin sai na auna na rubuta a littafi, mai walda har yana mamaki, amma littafin nan ne ya hana ginin ƙiba.

Sai awo. Hilux mai ƙofa huɗu tsawon bayanta kusan mita ɗaya da rabi ne, mai ƙofa biyu kuwa ya haura mita biyu, tsakanin tudun tayoyin nan guda biyu da ke cikin bodi kuma kusan mita 1.1. Kar ka dogara da nawa, ka ɗauki tef ka auna taka sau biyu don kowace shekara da ɗan bambancinta. Idan mai ƙofa biyu gare ka ka huta, gado zai miƙe a tsaye. Tawa mai ƙofa huɗu ce, sai na kwance ƙyauren baya na ajiye a gida, na bar ƙasan ɗakin ya zarce bodi da kusan santimita 40, daga saman gefen bodi kuma ya buɗe kamar fukafuki ya kai faɗin motar, wajen mita 1.8, gadon ya kwanta a gicciye ta gaba. Kar ka zarce fiye da haka. A mota mai ƙofa huɗu yawancin bodin a bayan tayar baya yake, duk nauyin da ka rataya can ƙarshe yana ɗaga gaban motar yana danne shasi, in ka faɗa rami da gudu a irin hanyoyinmu shasin na iya lanƙwashewa daidai tsakanin kai da bodi, kuma wannan gyara ne mai ɗaci.

Tsayi ma sai ka yanke shawara tun yanzu. Na so in yi wanda zan miƙe tsaye in yi sallah a ciki, amma da na lissafa sai naga motar za ta yi tsawo da yawa, iska za ta riƙa turata, ga kwanar dutsen Mambilla ga shan mai. Na tsaya a mita 1.45 daga ciki, ana zama a sake ana canza kaya, sallah kuma na yi rumfar tamfol a gefe ina shimfiɗa dadduma a ƙarƙashi. Kafin a yanka ƙarfe ka zana girman ɗakin da alli a tsakar gida, ka kawo katifa da kwalaye ka jera, ka kwanta a ciki ka juya ka tashi, a nan ne zaka gane inda gwiwarka za ta bugi durowa.

Firem ɗin da fayif mai kusurwa huɗu ake yi, inci ɗaya, kaurin milimita 1.5, duk mita ɗaya nauyinsa kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. A Kano Ƙofar Ruwa zaka same shi, katako kuma Na'ibawa, mutanen Kaduna kuna da Panteka wadda ba abin da ba a ƙerawa. Alminiyom ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, amma mai waldarsa ba ko'ina yake ba, in ya tsage ma a Gembu ko Agadas wa zai ɗinke ma? Ƙarfe kuwa kowane ƙauye akwai mai walda. Ƙasan ɗakin da kusurwowi huɗu da inda za a ɗaure shi da mota, nan kaɗai zaka sa mai kauri, inci ɗaya da rabi. Sauran haƙarƙarin a jera su santimita 61 tsakani, saboda filawud faɗinsa mita 1.22 ne, kaga kowane gaɓi zai faɗa kan ƙarfe. Rufin a ɗan karkata shi ko a yi masa doro don ruwa kar ya kwanta, goshin gaba kuma a kwantar da shi don iska ta zame.

Anan sai ka tsaya kan mai waldarka. Masu waldarmu sun saba da ƙofar gida da bodin tifa, a wajensu kauri shi ne inganci. Wanda na fara ba aikin na tafi kasuwa na dawo na tarar ya yi min ƙasan da angil ayon mai nauyin tsiya yana cewa Alhaji wannan har jikokinka, da muka ɗora a sikeli ƙasan kaɗai ya cinye kusan rabin lissafina, dole aka yanke aka sake, kuɗin ƙarfe ya tafi. Ka nuna masa littafinka tun ranar farko. A fara ɗiga walda kaɗan kaɗan, a ɗora firem a mota a gwada, a bar tazarar yatsa uku tsakaninsa da kan motar don bodi da kai kowa motsinsa daban, sannan a sauke a yi waldar gaske a ƙasa. In dole sai an taɓa walda yana kan mota a cire kan batir. Duk wani kunne da maƙala, na sola, na rumfa, na tsani, na kujerar hita, a gama waldarsu yanzu, don da zarar an sa kumfa wuta ta haramta. A goge, a shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu.

Ɗaurewa da mota: kar a yi walda a jikin shasi kuma kar a huda shi. A shimfiɗa roba mai kauri a ƙasan bodi, irin ta tsohon bel ɗin injin niƙa ma ta yi, a ɗora ɗakin, a ja shi ta kusurwa huɗu da sarƙa da notin nan mai ƙugiya biyu da ake murɗawa ya ɗame. Na gaba su ja shi gaba, na baya su ja shi baya. Inda ƙugiyar za ta kama a bodi a sa faranti mai kauri ta ƙasa don kar noti ya yage fallen.

Fatar waje ni alukobon na sa, irin wanda ake liƙa wa gaban shaguna da gidajen mai, ba ya tsatsa, ga shi shafal, ga shi sumul. Fari zaka saya, kar kwalliya ta ja ka ga baƙi ko ruwan toka, ranar Afrilu ba ta san kwalliya ba. Tsakanin alminiyom da ƙarfe a sa tef ko gam, in suka haɗu kai tsaye ruwa ya shiga tsakani alminiyom ɗin ne zai riƙa cinyewa. Gam ɗin da ya dace shi ne irin na liƙa gilashin gaban mota, Sikaflex ko ɗan uwansa, a bi da rifit. Silikon na banɗaki kar ka yarda, wata shida na girgiza zai saki. Rufin in da hali a yi shi da falle ɗaya, in dole sai an haɗa biyu a ɗora na gaba kan na baya. Kusurwowi a rufe da angil na alminiyom da gam a ƙarƙashi. Taga biyu ƙanana masu ragar sauro sun isa, ɗaya kowane gefe. Da an gama, tun ba a rufe ciki ba, ka shiga ka zauna wani ya yi ta feshin ruwa da tiyo minti ashirin, duk inda ya ɗiga ka zagaye da maka.

Yanzu abin da ya raba ɗaki da gwangwani, wato abin tare zafi da sanyi. Mutane na ɗauka don sanyi kawai ake sa shi, alhali a ƙasarmu aikinsa na watanni takwas hana rana dafa ka ne. Mafi sauƙin samu shi ne farin kumfan nan da ake sako firji da talabijin a ciki, ana sayar da shi falle falle, ka nemi mai tauri wanda in ka danna da yatsa ba ya lotsawa. Wanda ya fi shi kuma shi ne kumfa mai ruwan ɗorawa da masu haɗa ɗakin sanyi na kifi da kaji ke amfani da shi, a kauri ɗaya ya fi farin tarewa sosai, in ka je wajensu sau da yawa zaka samu ragowa. A yanka shi daidai ramukan firem ya shige da ƙyar, inci ɗaya a bango, rufi kuma inci biyu don ta nan rana ke duka kuma ta nan ɗumi ke gudu, ƙasan ma a sa. Duk ƴar kafa a cike da kumfan gwangwani. Soson katifa ba ya wannan aikin, shan ruwa yake ya yi wari.

Ga inda aka fi yin kuskure. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sanyi fiye da kumfa sau dubu da wani abu, saboda haka in ka cike ramuka ka bar fayif ɗin yana taɓa filawud na ciki, kowane haƙarƙari ya zama hanyar da sanyi zai bi ya shigo, da safe zaka ga layi layi na gumi a bango daidai inda ƙarfen yake, kwana kaɗan fumfuna ta fito. Maganinsa a ƙara shimfiɗa siririn kumfa, ko santimita ɗaya ne, ya rufe bangon gaba ɗaya har da ƙarfen, sannan a ɗora filawud mai milimita 4 ko 6. Abu biyu kuma game da farin kumfa: gam ɗin kafintoci mai warin fetur narkar da shi yake nan take, sai a nemi mai haɗin ruwa, sannan wayar lantarki kar ta kwanta a jikinsa tsirara don robar wayar da kumfan suna cin juna a hankali, a zura ta cikin fayif na roba. Wayoyin duk a ja su kafin a rufe bango, ka ɗauki hoton bangon da waya don gobe ka san inda suka bi kafin ka ɗaura sukuru.

Iska dole ta shiga ta fita. Fanka mai bolt 12 a rufi, da ƴar kafa mai raga can ƙasa, wannan kafar ba a rufe ta ko da sanyi, numfashin mutum biyu a dare ɗaya ya isa ya jiƙa ɗaki ƙarami irin wannan. Ƙura kuwa ta ƙofar baya take shigowa don mota in tana gudu bayanta tsotso yake, a zagaye ƙofar da robar ƙofar mota, in kana kan burji ka buɗe ƴar kafa mai tacewa ta gaba, iskar da ke shigowa za ta riƙa tura ƙurar waje.

Ma'ajiya ƙa'idarta ɗaya ce, mai nauyi ƙasa kuma gaba, marar nauyi sama. Batir da jarkokin ruwa da akwatin sifana su zauna ƙarƙashin gado jikin bangon gaba, a ɗaure su da bel. Fukafukan gefe su zama benci mai murfi, ciki tukwane da garin tuwo da shinkafa a robobi masu murfi. Sama kusa da rufi sai tufafi da bargo, ni raga ma na ɗaura maimakon kabad. Filawud mai milimita 12 ya isa gado da benci, 9 ya isa durowa, ka guji katakon nan na garin katako da ake kabad ɗin kicin da shi, ga nauyi ga kumbura in ya ji ruwa ga sakin sukuru. Katakon gado a huhhuda shi don katifa ta sha iska ta ƙasa. Kowace durowa da kowane murfi sai da sakata, wallahi duk abin da ba a kulle ba zaka tarar da shi a ƙasa kafin ka kai Bali. Na kuma yi akwati ɗaya da ake buɗewa ta waje don igiya da shebur da takalman shiga garke, kar warin ya kwana da ni.

Wuta: sola mai wat 200 a rufi, a ɗaga ta yatsa uku iska na bi ta ƙasa, kaga ta zama inuwa ma. Kwantirola mai daidaita cajin da ke zuwa daga sola, sai batir lithiyom mai amfiya 100, nauyinsa wajen kilo 12 ne, na ruwa mai girmansa ya kusa 30 kuma rabinsa kawai zaka iya sha ba tare da ka kashe shi ba. Fis babba a manne da kan batir, kowane layi kuma da nasa ƙaramin. Wannan ya riƙe min ƙwai uku da fanka da cajin waya da hita da ƙaramin firjin da nake ajiye allurar rigakafi. Kar ka jona da batir ɗin mota kai tsaye, ranar da ka tashi a daji mota ta ƙi tashi zaka tuna.

Sai ɗumama ɗaki, kuma anan nake roƙonka don Allah ka karanta a hankali. Kasko da garwashi ba ya shiga wannan ɗakin, ko na minti biyar, haka risho, haka murhun gas. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ba ta tashin mai barci, kasala take sa masa ya wuce daga nan, duk hunturu muna jin an buɗe ɗaki an tarar da mutane, to wannan ɗakin bai kai rubu'in ɗakin gida ba kuma ka toshe shi da hannunka. Gas ɗin girki ma bayan haɗarin, duk kilo ɗaya da ya ƙone yana sakin ruwa sama da lita ɗaya da rabi cikin iska. Girki a waje, tukunyar gas kuma a akwatin waje mai huda a ƙasa don gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake bi.

Abin da ya dace shi ne hita mai dizal irin ta direbobin tirela a Turai. Webasto da Eberspächer na Jamus su ne na asali, na Chaina kuma sun cika kasuwa da araha, irinsu nake da. Wutarta a rufe take cikin tukunyar ƙarfe, tana jan iskar ƙonawa daga waje ta mayar da hayaƙin waje, iskar ɗaki bayan tukunyar kawai take shafa ta fito da ɗumi. Mai kilowat 2 zaka saya, mai 5 ta yi wa ɗakin yawa, zaka yi ta barinta a ƙasa ƙasa har ta toshe da baƙin hayaƙi. Ƙaramar ba ta shan fiye da rubu'in lita a awa ko ta ƙure. A kafa ta kan farantin ƙarfe a fukafukin gefe ko wajen da ɗakin ya zarce bodi, yadda bututanta biyu za su leƙa fili kai tsaye, a yanke kumfa a nisanta shi daga wurin. Salansar ta kalli gefe ko baya ta ɗan sunkuya, nesa da taga da ƙofa da kafar iskar nan ta ƙasa, bututun jan iska kuma kar ya kalli salansa. Tankinta daban a waje, tunda yawancin Hilux ɗinmu na fetur ne, kuma fetur ba ya shiga cikinta har abada, dizal mai tsabta ko kananzir. Ɗan famfon man a ɗaura shi a karkace bakin fitarsa na kallon sama. Waya mai kauri, don lokacin tashi tana jan wajen amfiya 10 na ƴan mintuna kafin ta sauko. In zaka kashe ka kashe ta makunninta ka bar fankarta ta gama hucewa, in ka zare batir tana da zafi allon cikinta ƙonewa yake. A saman Mambilla, da ya haura mita 1,500, iska ta fi siranta, ka sa ta a tsarin tudu in tana da shi, in babu ka riƙa ƙure ta minti ashirin kafin ka kashe. Ko da bazara ka tashe ta sau ɗaya a wata. Duk da haka sai ka sayi na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar mai guba, ka maƙala ta kusa da inda kanka yake, da tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, ƙofar kuma ta zama ana buɗe ta daga ciki ko an kulle ta waje.

Da an gama ka loda komai kamar tafiyar gaske ka koma sikeli, a auna gaba daban baya daban. In bayan ya zauna a ƙara ganye ɗaya a sifirin a sa shokozoba mai kyau, amma ka sani wannan ba ya ƙara lodin da kamfani ya rubuta, birki da shasi suna nan yadda suke. Lambar mota da fitilun baya kar ɗakin ya rufe su, ka kuma leƙa ofishin VIO da motar kafin ka hau babban titi. Daren farko a ƙofar gida zaka kwana da hita a kunne. Tafiyar farko ka tsaya bayan kilomita 50 ka sake ɗame ƙugiyoyin nan huɗu, zaka tarar sun saki, ka rage gudu a kwana don motar ba yadda ka santa take ba yanzu. Wurin kwana kuwa a halin da hanyoyinmu ke ciki ni ba na tsayawa a daji, cikin gari nake shiga in gaida mai unguwa ko sarkin tasha ya nuna min inda zan faka.

Ranar da kake son motarka wayam don ɗaukar buhuna, ka kwance ƙugiyoyi, ka zura katako biyu masu ƙwari ƙarƙashin fukafukan, a ɗaga da jak kusurwa kusurwa a ɗora kan durom huɗu a ƙasa mai tauri, ka ja motar gaba a hankali wani na duba ma ta baya, amma in ka sa wa ɗakin fitilun baya ka tuna ka fara zare wayarsu tukunna.